Tambayoyinku a Kan Ginin Tangaran da Injin Juyi

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karon yawancinsu daga masu koyon gini a kan injin juyi ne, wato injin da ke juya faifan da ake ɗora yumɓu a kai, waɗanda suka koma aiki da farin yumɓun tangaran don yin kofuna, kwanuka da farantan cin abinci. Mun haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna, mun kuma taƙaita masu tsawo. Duk inda muka ce digiri, na ma'aunin Salshiyas muke nufi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina iya gina kofi da yumɓu mai ruwan ƙasa, ya tsaya lafiya lau. Amma tun da na koma yumɓun tangaran, da zarar bango ya kai tsawon yatsa sai ya murɗe ya zauna. Laifin hannuna ne ko na yumɓun? Daga wata mai koyo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da ke kayar miki da bango ruwa ne da daɗewa a kan aiki. Yumɓun tangaran ba daga rami ake haƙo shi a haka ba, haɗa shi ake yi. Ma'aunin da aka fi sani shi ne rabi kawolin (wani farin yumɓu mai tsabta), rubu'i garin dutsen feldsifa, rubu'i garin silika. Feldsifa da silika ba su da danƙo ko kaɗan, kawolin kuma ƙwayoyinsa manya ne idan aka kwatanta da na yumɓun tukwane, saboda haka shi ma danƙonsa bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa masu haɗawa suke ƙara bentonait, wani yumɓu mai tsananin danƙo, kamar kashi 2 zuwa 3 cikin 100 don ya ginu. Sannan babu yashi ko dakakken tsingaro a cikinsa da zai riƙe bango a tsaye. Yana shan ruwa da wuri, kuma da ya sha sai ya saki jiki. Yumɓun da kika saba da shi zai jure miki minti 15 kina ta shafa shi. Wannan ba zai jure ba.

Ki auna giram 450 don kofi ɗaya, kada ki wuce haka sai hannunki ya faɗa. Maimakon tsagwaron ruwa, ki riƙa shafa ruwan laka mai ɗan kauri, wato wanda yake taruwa a hannunki da cikin bokitin aiki. Yana ba da santsi, ya fi daɗewa a jikin bango, kuma ba ya nutsewa cikin yumɓu da sauri kamar ruwa. Ki shafa shi da yatsu ko da soson da kika matse. Kada ki kwarara daga sama.

Bayan kin huda tsakiya kin shimfiɗa gindi, kafin jan farko, wato kafin ki fara jawo bango sama da yatsu, ki rungume yumɓun da tafukanki biyu ki matso shi ciki, ya zama ƙasa ya fi baki faɗi. Juyin faifai kullum waje yake tura bango, don haka kofin da aka fara shi da buɗaɗɗen baki kwano yake komawa. Idan faifanki yana juyawa saɓanin hannun agogo, hannun hagu ne a ciki, na dama a waje, a gefen damanki, wajen ƙarfe 3 zuwa 4 na fuskar agogo. Ki haɗa babban yatsan hagu da hannun dama su zama abu guda. Yatsan waje ya fara tura ƙasan bango har ya yi ɗan kwari a dab da faifai, na ciki yana sama da shi kaɗan, sai su hau tare.

Ja uku ya isa. Na farko ya kwashe yawancin yumɓun da ke ƙasa, domin a lokacin ne yake da ƙarfin jurewa. Na biyu ya ba da tsawo, na uku ya daidaita kauri. Wanda ya yi ja shida ko bakwai, kowane ja da sabon ruwa, shi ya kayar da bangonsa da kansa. Gudun inji ma yana raguwa ne a hankali: kusan duka gudu wajen daidaita yumɓu a tsakiya, rabi wajen jan farko, kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka idan bango ya yi tsawo. Hannu ya riƙa hawa daidai da juyi, kamar faɗin rabin yatsa a kowane zagaye. Murɗewar da kika ambata tana zuwa ne idan wani wuri ya bushe ya kama yatsa, ko kuma kin sirance ƙasa alhali sama na da kauri, sai ƙasan ya kasa juya nauyin da ke kansa. Ki bar baki da ɗan kauri, kina danne shi da yatsa bayan kowane ja.

Da kin gama, ki tsane ruwan cikin gindi da soso, ki bi bango ciki da waje da mashafin roba ko na ƙarfe mara tsatsa, ki kankare ruwan lakar tas. Wannan kankarewa tana mayar wa bango ƙarfinsa, kuma mutane da yawa suna tsallake ta. Daga ɗora yumɓu zuwa yankewa, ki yi ƙoƙari kada ya wuce minti 5 zuwa 7.

Muna kuma roƙon ki da ki yi wani abu da masu koyo ba sa so: kofunan makonnin farko ki riƙa raba su biyu da waya daga ƙasa zuwa sama, kina duba kaurin. Abin da ake nema milimita 4 zuwa 5 tun daga ƙasa har baki. Kusan kullum za ki tarar da tulin yumɓu a kusurwar da gindi ya haɗu da bango, nan ne tsawon da kike nema ya maƙale.

Tambaya: Ni matsalata tun daga farko ce. Yumɓun ba ya tsayawa a tsakiyar faifai, sai ya yi ta rawa, wani lokaci ma ya subuce. Daga wani ɗalibi.

Amsa: Malam, ka fara duba yumɓun kafin ka zargi hannunka. Yumɓun tangaran idan ya daɗe a leda yakan yi tauri kamar ya bushe, alhali ruwansa na nan. Ka ɗaga ledar ka buga ta da ƙasa sau huɗu ko biyar ta kowane gefe, za ka ji ya yi laushi. Kada ka yi saurin ƙara ruwa. Idan bayan haka babban yatsanka yana shiga ba tare da ƙarfi ba kuma yumɓun ba ya manne maka, ya yi daidai.

Sai cuɗawa. Wuri mai tauri da wuri mai laushi a cikin curi ɗaya ba za su taɓa daidaituwa a kan faifai ba. Hanya mafi sauƙi ita ce yanka da waya: a raba curin biyu, a maka rabi a kan rabi, a sake yankawa. Kowane yanka yana ninka shimfiɗun da ke ciki, yanka 20 ya haura shimfiɗa miliyan ɗaya. Daga nan a murza shi a dunƙule, ƙasansa ya zama mai ɗan tudu, don kada iska ko ruwa su maƙale tsakaninsa da faifai. Faifan ya kasance da ɗan danshi kawai. Subucewar da kake gani daga jiƙaƙƙen faifai ne.

Ka matso kujera dab da inji, ka kafa gwiwar hannun hagu a ƙugunka ko cikin cinyarka, ka tura da nauyin jikinka gaba ɗaya. Ka matse yumɓun ya hau sama ya yi tsini, ka danne shi ya sauko kana tura ƙolin gaba kaɗan, sau uku. Wajen saukowa ka lura kada saman ya baje ya rufe ƙasan kamar laima, domin ruwa zai shige tsakani. Kuma ka riƙa janye hannu sannu a hankali. Yumɓun da ya riga ya daidaita, cire hannu farat ɗaya yana goce shi.

Tambaya: Ban taɓa zama gaban inji ba. In fara da tangaran kai tsaye?

Amsa: Ra'ayinmu, a'a. Ka samu yumɓun sitonwaya (yumɓun kwanuka mai jure wuta mai ƙarfi, wanda ya fi tangaran sauƙin gini) mai laushi mara tsakuwa, ka koyi daidaitawa da ja da shi har ka iya gina kofuna goma masu kai ɗaya, tsawon santimita 12, a zama ɗaya. Daga nan ka koma. Wanda ya fara da tangaran yakan kasa bambance kuskuren hannunsa da halin yumɓun, sai zuciyarsa ta karye. Idan ka ƙagu, akwai yumɓun tangaran da aka haɗa da yumɓu mai danƙo, rubu'i kawolin, rubu'i yumɓu mai danƙo, rubu'i feldsifa, rubu'i silika. Ya fi sauƙin gini nesa ba kusa ba, sai dai farinsa da ɗan duhu, kuma haske ba ya ratsa shi sosai.

Tambaya: Kwanukana suna fita da kyau daga inji, amma bayan sun bushe ko bayan gashin farko sai in ga tsaga a gindi, a lanƙwashe kamar harafin S. Me ke jawo ta, kuma tana gyaruwa? Daga wata maginiya.

Amsa: 'Yar'uwa, ba ta gyaruwa. Idan kin gan ta kafin gashi, ki mayar da kwanon cikin bokitin jiƙo. Like ta da laka ɓata lokaci ne, za ta sake buɗewa a wuta.

Ƙwayoyin yumɓu fale-fale suke. Bango yana shan matsi tsakanin yatsu biyu, sai ƙwayoyinsa su kwanta a jere su matsu. Gindi kuwa ba ya samun wannan matsi sai an yi masa da gangan, ga shi kuma nan ne ruwa yake kwanciya. Idan aka zo bushewa, bango ya riga shi ƙanƙancewa ya tsaya, gindin kuma yana son ya ci gaba da tsukewa ba hali, sai ya yage ta layin murɗin da juyi ya bari a cikinsa.

Maganin yana hannunki tun a kan faifai. Bayan kin shimfiɗa gindi, ki danna yatsa ko mashafi daga tsakiya zuwa gefe, ki dawo daga gefe zuwa tsakiya, sau huɗu ko biyar, da matsi na gaske. Kada ruwa ya kwanta a ciki ko na minti ɗaya. Ki soka allura ki auna kauri: milimita 6 idan gindin shafaffe ne, 10 zuwa 12 idan za ki sassaƙa masa ƙafa. Ki ratsa waya a ƙarƙashinsa nan take, ki sake ratsawa bayan 'yan sa'o'i, domin gindin da ya manne wa katakon da aka gina shi a kai ba ya samun damar tsukewa. Da zarar baki ya yi ƙarfin ɗaukar nauyi, ki kife kwanon don gindi ya sha iska. Bayan sassaƙa, ki sake danne gindin ta waje da mashafi.

Ga wata alama da za ta yi miki amfani idan tsaga ta bayyana bayan gashin ƙarshe. Idan ruwan sheƙi, wato shafin da ke zama kamar gilashi a jikin kaya, ya narke ya lulluɓe gefen tsagar ya yi sumul, tun kafin wuta ta yi ƙarfi tsagar take. Idan gefen yana da kaifi kamar fasasshen gilashi, wajen hucewa ta faru, wato an buɗe tanderu da wuri ko ya huce da sauri.

Tambaya: Ina ganin kofunan da haske yake ratsawa idan aka ɗaga su. Nawa sun yi nauyi, haske ba ya wucewa. Dole sai na ja bango siriri haka a kan inji?

Amsa: Ba dole ba ne, Malam. Maginan Jingdezhen a ƙasar Sin, garin da ya shahara da tangaran ɗaruruwan shekaru, suna ginawa da kauri ne, sai kayan sun kusa bushewa su sassaƙe su ciki da waje da wuƙaƙe masu kaifi har su kai siririn da suke so. Kai ma ka gina a milimita 4 zuwa 5, ka sassaƙe zuwa 3. Haske yana fara ratsawa sosai idan kauri bayan gashi ya sauko wajen milimita 2 zuwa 3, da sharaɗin yumɓun ya nuna sarai a wuta kuma kawolin ɗinsa mai tsabta ne. Ƙarfe da titaniyam da ke cikin yumɓu su ne suke tare haske. Shi ya sa ake yaba kawolin Grolleg na yankin Cornwall a Ingila da farin yumɓun New Zealand.

Lokacin sassaƙa gajere ne. Ana so ya yi tauri har yatsa ba ya lotsa shi amma farce yana shiga, kuma abin da wuƙa ke cirewa ya fito dogo kamar zare. Idan yana dunƙulewa a bakin wuƙa, da saura. Idan yana fita gari, ka makara, kuma ƙurar ba ta da kyau ga huhu. Tangaran yana iya tsallakewa daga laushi zuwa bushewa cikin sa'a ɗaya a wuri mai iska, saboda haka ka rufe da leda kana dubawa. Silika tana dakushe wuƙa da sauri, wuƙar da ta dakushe kuma tsalle take yi ta bar tabo a jere. Ka riƙa wasa ta, ka riƙe ta kusa da baki da hannu biyu. Baki yana guntulewa cikin sauƙi, don haka ka kife kofin a kan faifan da aka shimfiɗa wa soso.

Amma ka tuna kofin shan yau da kullum kake yi. Bakin da ya gaza milimita 2 ba ya jure wanki da karo.

Tambaya: Na gina kofi mai kyau, da ya fito daga wuta sai ya koma kamar na yara. Ta yaya zan san girman da zan gina?

Amsa: Daga jiƙe zuwa gashin ƙarshe, yawancin yumɓun tangaran yana ƙanƙancewa da kashi 12 zuwa 15 cikin 100, wani ma ya fi haka. Kada ki dogara da abin da aka rubuta a jikin leda kaɗai, ki auna naki a tanderunki. Ki shimfiɗa yumɓu mai kaurin santimita 1, ki yanki sanda mai tsawon santimita 12, ki ja layi na santimita 10 cif a kanta, ki busar, ki gasa tare da kayanki har gashin ƙarshe. Idan layin ya koma santimita 8.6, ƙanƙancewar kashi 14 ce.

A ƙanƙancewar kashi 14, lissafin shi ne a raba girman da ake so da 0.86. Kofin da kike so ya fito da tsawon santimita 9, ki gina shi a 10.5. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne yawan abin da kofin zai ci, domin tsukewar ta tsawo ce da faɗi da zurfi gaba ɗaya. A kashi 14, cikin kofi yana raguwa da fiye da kashi ɗaya cikin uku: wanda zai ci mililita 350 bayan gashi sai ya kasance mai cin kimanin 550 yana jiƙe. Murfi da abin da zai rufe kuwa a gina su rana ɗaya, da yumɓu ɗaya, a auna su suna jiƙe, a busar da su tare, a gasa su murfin yana kai.

Tambaya: Mariƙin kofi yana tsagewa a mahaɗa, wani lokaci kuma bakin kofin ya karkace ya daina zama da'ira. Daga wani mai ƙaramin wurin gini.

Amsa: Ɗan'uwa, tsagewar daga bambancin danshi take. Mariƙi jiƙaƙƙe a jikin kofin da ya fara bushewa zai tsuke fiye da kofin, sai mahaɗa ta ɓalle. Ka ja mariƙan tun da wuri, ka ajiye su su sha iska har su iya riƙe lanƙwasarsu, kofunan kuma ka rufe su da leda, don su haɗu a danshi kusan ɗaya. Ka karce wuraren biyu da allura sosai, ka shafa ruwan laka mai kauri na wannan yumɓun, wanda aka ɗiga wa ruwan khal kaɗan, ka danna kana tallafe bango ta ciki da yatsa har lakar ta ɓulɓulo. Ka share abin da ya fito, kada ka bar tuli.

Daga nan a kife kofunan, mariƙai suna kallon juna a tsakiya, a rufe ruf da leda kwana ɗaya ko biyu don danshi ya daidaita. Sai a riƙa sassauta ledar a hankali cikin kwana uku zuwa biyar. Wasu suna shafa ruwan kaki a kan mariƙi da mahaɗa don rage saurin bushewa, yana aiki. Fanka, taga da rana duk abokan gaba ne a nan, domin gefe ɗaya suke busarwa.

Karkacewar baki kuma tana da tushe biyu. Na farko, tangaran ba ya manta lanƙwasar da aka yi masa yana jiƙe. Idan ka ɗaga kofi da hannu daga faifai ya lotsa, ko da ka mayar da shi da'ira, wuta tana iya dawo da lotsawar. Ka riƙa gini a kan katakon da ake ɗorawa bisa faifai, ka ɗauke katakon gaba ɗaya. Na biyu, a ƙarshen gashi tangaran yana yin taushi saboda feldsifar da ta narke a jikinsa, sai nauyin mariƙi ya ja bango. Mariƙi mara nauyi, baki mai ɗan kauri, da allon tanderu miƙaƙƙe mara lanƙwasa suna rage wannan. Idan abin ya ci gaba, wataƙila wutarka ta zarce ƙa'idar yumɓun.

Tambaya: Ku yi mana bayanin gashi. Sannan ruwan sheƙin da na shafa ya fito da ƙananan tsage-tsage kamar yanar gizo-gizo, wasu kofunan kuma ƙafarsu ta manne wa allon tanderu ta guntule. Za a iya ci da sha a cikinsu?

Amsa: Gashi biyu ne, Malama. Na farko yana ƙarfafa kayan ya bar su suna shan ruwa don ruwan sheƙi ya kama. Kada a loda sai sun bushe ƙayau. Idan kin taɓa gindi da kunci kin ji sanyi, da sauran ruwa. A tsayar da wuta a digiri 90 na sa'a 2 zuwa 4, ƙasa da inda ruwa ke tafasa, domin tururin da ya maƙale shi yake fasa kaya. A hau da digiri 80 zuwa 100 a sa'a har 600. A wannan tsakanin ne ruwan da ke ɗaure cikin ƙwayoyin kawolin yake fita, kuma a digiri 573 silika takan kumbura farat ɗaya. Daga 600 ana iya ƙara sauri zuwa wajen 1,000 ko 1,060.

Gashi na biyu ya danganta da yumɓun da kika saya. Akwai na kon 6, kimanin digiri 1,220, akwai na kon 10, kimanin 1,285. Kon ɗan tsinin gwaji ne da ake ajiyewa a tanderu, yana lanƙwashewa idan zafi da lokaci sun cika. Na kamfanin Orton ne aka fi amfani da su. Ki sa su a kowane gashi ko da tanderunki na da na'urar auna zafi. Yumɓun kon 10 da aka tsayar a kon 6 bai nuna ba, zai riƙa tsatsafo da ruwa. Na kon 6 da aka kai kon 10 zai zauna ko ya yi ƙuraje. Digiri 100 na ƙarshe a hau su a hankali, kamar 60 a sa'a, kuma kada a buɗe sai zafi ya sauko ƙasa da digiri 100. Tanderun lantarki yana ba da fari mai ɗan ruwan madara. Na gas, idan aka rage masa iska, yana ba da fari mai ɗan shuɗi.

Don tabbatar da nuna, ki auna nauyin guntun da aka gasa ba ruwan sheƙi, ki tafasa shi sa'a 5, ki bar shi cikin ruwan sa'a 24, ki goge ki sake aunawa. Ƙarin nauyin bai kamata ya kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba.

Tsage-tsagen da kika gani suna nufin ruwan sheƙin ya fi jikin kofin tsukewa wajen hucewa. Maganin da aka saba shi ne ƙara silika a cikin haɗin ruwan sheƙi, kashi 3 cikin 100 a kowane gwaji, har tsagar ta daina fitowa. Shafi mai kauri ma yana ƙara ta. Ki auna mililita 100 na ruwan sheƙin, nauyinsa ya kasance wajen giram 140 zuwa 150, ki tsoma na daƙiƙa 2 zuwa 3. Bangon tangaran siriri ne, yana ƙoshi da ruwa nan da nan, don haka ki shafa ciki yau, waje gobe. Wasu tsage-tsagen ba sa fitowa sai bayan makonni, saboda haka ki gwada: ki ɗumama kofi zuwa digiri 150, ki tsoma cikin ruwan ƙanƙara, ki shafa tawada ki goge, duk inda ya tsage zai nuna.

Ba mu yarda a sayar wa mutane kofi ko faranti mai irin wannan tsaga a wurin da abinci ke taɓawa ba. Datti yana maƙalewa a ciki, kuma kayan sun rage ƙarfi. Haka nan duk ruwan sheƙin da ke da dalma ko kadmiyam bai halatta ya shiga cikin abin ci ba. Fari ko garai-garai mai santsi, wanda aka san haɗinsa, shi ne ya dace da ciki.

Mannewar ƙafa kuwa daga taushin da muka ambata ne. A goge ruwan sheƙi daga ƙafa da milimita 3 na sama da ita, a shafe allon tanderu da haɗin rabi alumina (wani farin gari mai jure wuta) rabi kawolin, ko a zuba garin alumina kaɗan cikin ruwan kakin da ake shafa wa ƙafa. Bayan gashi a goge ƙafar da takardar gugar lu'ulu'u a cikin ruwa don kada ta karce teburi.

Tambaya: Ina samun baƙaƙen ɗigo a jikin farin, kuma yumɓun da na sake jiƙawa yana tsintsinkewa, ba ya janyuwa.

Amsa: Ɗigon ƙarfe ne. Yana zuwa daga kayan aiki masu tsatsa, daga teburin cuɗawa ko soson da ya taɓa jan yumɓu, ko daga ƙarƙashin kaskon inji da ba a wanke ba. Ka ware wa tangaran nasa soso, katako, bokiti da zanen teburi.

Tsintsinkewar kuma saboda ka zubar da ruwan bokitin aiki ne. Ƙwayoyi mafi ƙanana, masu ba da danƙo, can suke tafiya. Ka bar guntaye su bushe sarai, ka jiƙa su da wannan ruwan bokitin, ka dama, ka shanya a kan allon filasta har ya cuɗu, ka haɗa da sabon yumɓu rabi da rabi, ka ɗaure a leda ya kwana mako biyu ko fiye. Ka kula kada ɓarɓashin filasta ya shiga, domin yana fasa jikin kaya bayan gashi.

Tun da ana maganar busassun guntaye, kada ka share wurin aiki da tsintsiya. Rubu'in wannan yumɓu silika ce, ƙurarta idan ta daɗe tana shiga huhu tana jawo ciwon da ba ya warkewa. A goge ƙasa da tebura da jiƙaƙƙen tsumma, a wanke rigar aiki a kai a kai, a sa takunkumin da aka yi don tace ƙura mai laushi, irin FFP3 ko P100, duk lokacin da za a auna gari ko a haɗa ruwan sheƙi.